Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Nintendo: Switch 2 da sandar da ke ƙarƙashin babban yatsa

Zuwa ga Shuntaro Furukawa,
Shugaban Kamfanin Nintendo,
Kyoto, Japan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku.

Ni mai gyara ne a Kano. Gyaran waya na koya a hannun maigidana, da shi kuma nake cin abinci, amma 'yan shekarun nan rabin abin da ke tara a kan teburina na masu shagon gem ne, wato abin riƙewar nan da mu a nan muke cewa fad. Na san da wuya wasiƙar Hausa ta iso ofishinku, kuma na san ba mu cikin lissafin kasuwarku, domin a unguwanninmu PlayStation da gem ɗin ƙwallo ne ke sarauta. Na rubuto ne duk da haka, saboda mai gyara yana ganin na'ura ta inda mai talla ba ya ganin ta. Ku kuna ganin ta ranar da ta fito daga kwali tana walƙiya, ni kuwa sai bayan shekara biyu take zuwa mini, ta sha gumi da ƙura da hannun yara.

Na kalli gajeren bidiyon sabuwar na'urar gem ɗinku da kuka fitar ranar 16 ga Janairu 2025, na kuma zauna na kalli dogon bayanin ranar 2 ga Afrilu daga farko har ƙarshe, datata ta ji a jikinta. Bari in fara da yabo, domin kun cancanta. Kun sa mata suna Switch 2, shi ke nan, ba ƙari. Injiniyoyinku da kansu sun faɗi cewa an yi tunanin kiran ta Super Nintendo Switch, sai aka fasa. Allah ya yi wa wanda ya hana albarka. Duk mai bin harkar nan ya tuna abin da ya faru da Wii U. Kun nuna ta a 2011, kuka cika idon jama'a da wani ƙaton fad mai allo a tsakiya, har mutane da yawa suka ɗauka wani kayan ƙari ne da ake saya wa tsohuwar Wii. Ta fito a Nuwamba 2012, ta ƙare rayuwarta da guda miliyan 13.56, alhali yayarta Wii ta haura miliyan 101. A wannan karon ko kakar da za ta saya wa jikanta ta san biyu na gaba da ɗaya. Kun kuma bar yawancin gem ɗin tsohuwar Switch su yi aiki a sabuwar, wanda hakan girmamawa ce ga mutanen da suka sayi Switch sama da miliyan 150 tun daga Maris 2017. Allon ya ƙaru zuwa inci 7.9, ma'ajiyar ciki ta tashi daga gigabait 32 zuwa 256. Duk wannan ba ni da ja.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne fad ɗin, Joy-Con 2.

A tsohuwar, zura shi ake yi ta kan wani siririn layin ƙarfe har ya ce ƙyas. A sabuwar maganaɗisu ne ke kama shi. Na karanta cewa tun lokacin ƙera ta farkon kun gwada maganaɗisu, aka ga yana rawa, aka koma layin ƙarfe, sai yanzu kuka samo yadda zai riƙe da kyau, kuka sa maganaɗisun a jikin na'urar, maɓallan SL da SR kuma kuka yi su da ƙarfe don su manne. Dabara ce mai kyau, kuma ta nuna kamfanin da ba ya yar da tunani don ya ƙi ci karon farko. To amma da na ji kalmar maganaɗisu, zuciyata ba wajen mannewa ta tafi ba. Wajen analog ta tafi, sandar nan da babban yatsa ke juyawa. Ba a jima ba wani babban jami'inku na reshen Amurka, Nate Bihldorff, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa sandar Joy-Con 2 ba irin mai aiki da maganaɗisu ba ce, sai dai an sake ƙera ta daga tushe. Wato an kai maganaɗisu inda ido zai gani a bidiyon talla, ba a kai shi inda ciwon yake ba.

Ku kun fi ni sanin abin da ke cikin sandar, amma bari in bayyana don masu karatu. A ƙarƙashin analog irin na gargajiya akwai wasu 'yan ƙananan harsunan ƙarfe da ke goga a kan wani baƙin shafi mai kama da bakin fensir. Duk inda ka tura sandar, harshen ya matsa, ƙarfin wutar da ke wucewa ya canza, na'ura ta karanta ta san hagu kake so ko dama. Abu ne mai araha, kuma yana aiki. Illarsa ɗaya: duk abin da ke gogar wani abu yana cinyewa. Shafin ya kankare, garinsa ya taru, ƙurar waje ta shiga ta haɗu da shi, sai na'ura ta riƙa karanta motsin da ba a yi ba. Ka ajiye fad a ƙasa, ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai kamar wanda aljanu suka ja. Yaranmu cewa suke yi "fad ɗin yana ja". A shagon gem, inda ake buga wasa a kan kuɗin zama, fad mai ja yana haddasa rigimar da sai an kira manya, domin wanda aka ci ba zai taɓa yarda ƙwarewa ce ta kayar da shi ba. A lokacin hunturu kuwa, da buji ya taso, irin wannan aiki ne ke cika mini tebur, na kowane irin kamfani.

Ɗaya hanyar ita ce a ɗaura ɗan maganaɗisu a gindin sandar, a sa wani ɗan ma'auni a ƙasa yana jin kusantowarsa da nisantarsa ba tare da sun taɓa juna ba. Ba gogayya, ba kankarewa. Ba sabon ilimi ba ne. Edwin Hall ya gano tushensa tun 1879, shekara goma kafin Fusajiro Yamauchi ya kafa kamfaninku yana buga katin wasa na hanafuda a Kyoto. Tsohon abokin hamayyarku Sega ya sa irin wannan sanda a fad ɗin Dreamcast tun 1998. Yau ƙananan kamfanonin China suna sayar da ita a matsayin kayan canji, har da wadda ke shiga tsohon Joy-Con daidai wa daida. Ba zan ce maganin komai ce ba. Sifirin ɗin da ke mayar da sanda tsakiya yana iya gajiya ko da wane irin ma'auni aka sa, kuma na ji masu cewa ƙarfin maganaɗisun mannewar zai iya rikita ma'aunin in suna kusa da juna. Hujja ce da hankali zai ɗauka. Idan ita ce dalilinku, ku fito ku faɗa. Idan kuɗi ne, shi ma ku faɗa. Abin da bai kamace ku ba shi ne ku tsaya a kan "an sake ƙera ta, ta fi girma, ta fi santsi". Santsi a ranar farko ba shi ne tambayar ba.

Wani kamfanin zai iya cewa a yarda da shi kawai. Ku ba ku da wannan damar a kan maganar analog, kuma kun san dalili. A 2019 aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Amurka kan Joy-Con mai ja. A Yunin 2020, a taron masu hannun jari, ku da bakinku kuka ba da haƙuri kan damuwar da abin ya jawo wa masu saye. A Satumbar shekarar ƙungiyar kare masu saye ta Faransa, UFC-Que Choisir, ta kai ƙara. A Janairun 2021 gamayyar irin waɗannan ƙungiyoyi ta Turai, BEUC, ta ce ta tattara koke kusan dubu 25. Sai a Afrilun 2023, shekara shida da fitowar na'urar, aka sanar cewa za ku riƙa gyara wannan matsala kyauta a ƙasashen Turai ko da garanti ya ƙare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Mutanen da kuka nemi su biya dala 94.99 a 2025 kan sabon Joy-Con guda biyu su ne waɗannan da aka sara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tarihin gidanku ya fi wannan kyau. Kusan duk abin da hannun ɗan gem ke taɓawa yau, sawunku na kai. Maɓallin nan mai siffar gicciye daga na'urar Game & Watch ta Gunpei Yokoi ya fito a 1982. Nintendo 64 ce ta sa analog ya zama ruwan dare a 1996. Wii ta sa tsofaffi da yara suna kaɗa hannu a falo a 2006. Kuma da mutane suka fara jifan talabijin ɗinsu da rimot ɗin Wii saboda igiyar hannun tana tsinkewa, ba ku yi wata ɗaya cur kuna jan ƙafa ba, a Disambar shekarar kuka ce a zo a karɓi mai kauri kyauta. Wancan kamfanin nake wa magana.

Sai maganar linzami. Kun sa wa gefen kowane Joy-Con 2 ɗan ido, ta yadda in aka kifa shi a kan tebur zai yi aiki kamar linzamin kwamfuta, har kun ce ko a kan cinya ana iya goga shi. Ina son wannan, ba wasa ba. Gem ɗin harbi da na tsara gari da na zane, waɗanda da sai mai kwamfuta ke jin daɗinsu, za su samu gida. Tsorona dai kada ya bi sawun 'yar kyamarar nan da ke gindin tsohon Joy-Con na dama. An yi mata kirari a 2017, aka yi mata 'yan gem da kwalayen Labo a 2018, daga nan kusan shiru, yanzu kun cire ta gaba ɗaya ba wanda ya yi makoki. Sabuwar dabara a fad ba ta rayuwa sai gem ɗin da kowa ke so ya tilasta amfani da ita. Wii Sports ce ta koya wa duniya rimot ɗin Wii, kuma a yawancin ƙasashe kyauta ta zo cikin kwali. Yanzu kun yi gem na musamman don nuna wa mutum abin da ke cikin sabuwar na'urarsa, Welcome Tour, kuka ce sai ya biya dala 9.99. Haba, ranku ya daɗe. Mutum ya sayi gida, a ce sai ya biya kafin a zagaya da shi ɗakuna? Sony ta ba da irin wannan kyauta tare da PlayStation 5 a 2020, kuma shi ya sa mutane suka fahimci sabon fad ɗinta. Maɓallin C na hira da abokai ma haka: kyauta ne zuwa 31 ga Maris 2026, daga nan sai mai biyan kuɗin rajista. Maɓalli a jikin fad ɗin da ka saya da kuɗinka, amma hayarsa kake yi.

Kuɗi kuwa, na san ba ku kaɗai kuka yanka ba. Ranar da kuka yi babban bayaninku, ranar ce Donald Trump ya sanar da sabon harajinsa, ya ɗora wa Biyetnam kashi 46 cikin ɗari, ƙasar da kuka mayar da wani ɓangare na ƙirarku. Dole ta sa kuka ɗage karɓar oda a Amurka daga 9 zuwa 24 ga Afrilu, kuka bar na'urar a dala 449.99, kuka ƙara wa kayan haɗinta. Na fahimta. Amma dala 79.99 ta Mario Kart World ba Trump ne ya sa ta ba, tun kafin harajin aka rubuta ta. A canjin Mayun 2025, na'urar kaɗai ta haura naira dubu ɗari bakwai kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin jirgi da kwastan da ribarsa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira dubu 70. Gem ɗaya ya kusa albashin wata biyu. Ba ina cewa ku yi farashi don Kano ba. Abin da na lura da shi shi ne kun san ciwon faɗuwar darajar kuɗi sarai, domin da yen ta yi rauni kun yi wa 'yan ƙasarku tasu ta daban mai harshen Japananci kaɗai a yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980. Ashe ana iyawa. Mutanen Brazil da Turkiyya da mu nan duk mun gani.

Idan kuka tambaye ni ko za ta karɓu, zan ce shekarar farko taku ce, ba makawa. Kun faɗa da kanku cewa mutum kusan miliyan 2.2 ne suka nemi shiga ƙuri'ar saye a shagonku na intanet a Japan kaɗai, har kuka ba da haƙuri tun kafin ranar fitowarta, 5 ga Yuni 2025, ta zo. Waɗannan masoya ne, ko dala ɗari shida kuka ce za su yi layi. Amma ba masoya ne suka kai Switch miliyan 150 ba. Iyaye ne da suka saya wa yaro na fari, na biyu ya yi kuka aka ƙaro masa Switch Lite ta dala 199.99. Wannan uban zai zo a shekara ta biyu ko ta uku, kuma kafin ya ciro kuɗi zai tambayi maƙwabcinsa tambaya ɗaya: tana lalacewa? Kun taɓa ganin yadda tsada ke tsayar da kasuwa. 3DS ta fito a dala 249.99 a Maris 2011, kafin ƙarshen Agusta kun mayar da ita 169.99, shugaban kamfaninku na lokacin, marigayi Satoru Iwata, ya yanke rabin albashinsa. Mutane na iya yafe tsada in kaya ya yi ƙarko, Bahaushe ma ya ce araha ba ta ado. Abin da ba a yafewa shi ne tsada da rashin ƙarko a haɗe.

Akwai kuma katin nan da kuka ƙirƙiro, wanda ake saya a kwali kamar kowane katin gem amma ba gem a cikinsa, mabuɗi ne kawai, sai an sa shi an sauko da gem ɗin gaba ɗaya daga intanet. Na yaba da kuka bar shi ya zama ana iya ara ko sayarwa. Sai dai ku sani, rayuwar na'urorinku ba ta ƙarewa a Tokyo ko Landan. In sun tsufa a can, nan suke zuwa, gwanjo, cikin kwantena, su yi wata rayuwar ta shekara goma. PlayStation 2 ta fito a 2000, har yau akwai shagunan da ita ke ciyar da mai su, saboda faifanta ba ya neman izinin kowa kafin ya tashi. Katin da ba komai a cikinsa, ranar da kuka kashe na'urorin da ke ajiye gem ɗin, ya zama roba. Kuma kun kashe a baya: shagon intanet na Wii U da 3DS ya rufe saye a Maris 2023. Kamfanin da ya yi Cyberpunk 2077 ya cusa gem ɗinsa duka a kati mai gigabait 64, ya nuna hanyar tana nan ga mai so.

Roƙona bai fi ƙarfinku ba. Ku fito da bayanin abin da ke cikin sandar Joy-Con 2 da gwajin da kuka yi mata, juyi nawa ta jure, a cikin ƙura ko a ɗaki mai sanyi. Ku yi alkawarin gyara kyauta tun yanzu, a rubuce, kada ku jira lauyoyin Turai su sake shekara shida suna bin ku. Sannan, wannan shi ne nawa na kaina, ku sayar da kayan gyara na asali ga duk mai so. Valve tana sayar da na na'urar gem ɗinta Steam Deck ta hannun kamfanin kayan gyara iFixit tun 2022. Microsoft tana sayar da na fad ɗin Xbox. Sony ta yi fad mai tsada wanda ake zare analog ɗinsa a sa sabo ba tare da an kunna ayan ba. Ku ma kuna da abin yabo a nan da ban ga kuna alfahari da shi ba: sandar tsohon Joy-Con ba a like take da dalma ba, noti biyu ne da 'yar siririyar waya, mai gyaran da ya san hannunsa zai canza ta kafin shayi ya huce. Ina roƙon kada ku rufe wannan ƙofar da gam a sabuwar. Alkawarin "aiko mana mu gyara" yana da amfani ga wanda ke da ofishinku a ƙasarsa. Wanda ke Kano ko Zinder ko Kumasi, ofishinku shi ne irina, mai tebur da fitila da sukuddireba mai baki uku da sai da na sa aka nemo mini don notinanku.

Na san ba da wuri za ta iso mu ba. Wani ɗan kasuwa zai shigo da 'yan ƙwarori daga Dubai, yaran masu hali su saya, mu kuma mu leƙa. Bayan wata goma ko shekara, wani zai turo ƙaninsa da Joy-Con 2 a leda ya ce a duba masa. Ranar zan buɗe shi a ƙarƙashin fitila in ga abin da kuka sa. Idan na tarar kun yi aikin da ya kamata, zan sake rubuto muku a wannan wuri in ce na yi muku mummunan zato, kuma ba zan ji kunyar faɗa ba.

Ku huta lafiya.

Naku,
Wani mai gyaran waya da fad,
Kano, Mayu 2025.